Chrome, Firefox ko Opera Mini: wace burauza ce ta dace da mai rubutu da Hausa?

Yawancin masu waya ba su ne suka zaɓi burauzar da suke shiga intanet da ita ba. Wadda suka tarar a ciki ranar da suka sayi wayar, ko wadda mai ɗora manhajoji a kasuwa ya saka musu, ita za su yi ta buɗewa har wayar ta tsufa. In karatu kawai mutum yake yi, labarai da sakamakon ƙwallo da farashin kaya, babu damuwa, kusan kowace burauza za ta kai shi inda yake so. Amma ranar da ya koma mai rubutu, yana cike fom na neman makaranta ko aiki, yana tsara takarda a Google Docs, yana gyara maƙala a Wikipedia ta Hausa, ko yana aika doguwar wasiƙar imel haɗe da hotunan takardunsa, a ranar bambancin yake fitowa fili. Maɓallin aikawa ya ƙi dannuwa. Wurin ɗora hoto ya ƙi buɗewa. Rubutun da aka ɓata rabin awa ana yi ya ɓace saboda an leƙa WhatsApp an dawo. Harafin ƙ ya koma ɗan akwati. Mutum ya yi ta zargin sabis, alhali sau da yawa sabis ɗin lafiyarsa ƙalau.

Matsayina a kan wannan a fili yake: burauzar da ta fi tsimin data ba ita ce ta rubutu ba, kuma ta rubutu ba ita ce ta tsimi ba. Wanda ya gane dalilin haka zai iya yi wa kansa zaɓi ko da sunayen manhajojin sun canza gobe.

Sunaye da yawa, injuna uku

Idan ka buɗe Play Store za ka ga burauza iri-iri, kowace da tambarinta da kirarinta. Amma abin da ke karanta shafi ya zana shi a fuskar waya, wanda masu sana'ar ke kira inji, guda uku ne suka rage a fagen. Akwai Blink na Google, wanda aka ɓalle shi daga WebKit a 2013. Shi ne a cikin Chrome, da Edge tun daga Janairun 2020, da Samsung Internet, da Brave, da babbar Opera. Akwai Gecko na Mozilla, wanda Firefox take tafiya a kansa. Sai WebKit na Apple, injin Safari. Wannan yana nufin idan shafi ya ƙi aiki a Chrome ka koma Brave ko Edge, sau da yawa ba ka canza komai ba sai fenti. Wanda yake son gwaji na gaskiya, Firefox zai buɗe, domin ita ce mai inji daban.

Su ma wuraren da ake rubutu a cikinsu iri biyu ne, kuma sanin wannan shi ne rabin maganin. Na farko akwatin rubutu ne zalla, farin fili da kake zuba haruffa a ciki, babu ado. Ya girmi duk wayoyin da ke hannunmu, kuma da wuya ka sami burauzar da ta kasa shi. Na biyu shi ne mai kayan ado a samansa, inda za ka kaurara kalma ka ga ta yi kauri nan take, ka saka hoto a tsakiyar rubutu, ka ja tebur. Wannan ba akwati ba ne kawai, manhaja ce sukutum da aka rubuta da harshen JavaScript, tana gudana a cikin burauzarka, tana bibiyar kowane harafi da ka danna. Google Docs haka yake. Kayan gyaran Wikipedia na gani-da-ido, wanda aka fara bazawa a 2013, haka yake. Fom-fom na zamani da ke duba lambar wayarka tun kafin ka gama rubutawa, ko su buɗe maka jerin ƙananan hukumomi da zarar ka zaɓi jiha, su ma haka suke. Duk rigimar dacewa da rashin dacewa a kan wannan nau'i na biyu take.

Opera Mini: abin da ta ba mu da abin da ba za ta iya ba

Ba zan yi wa Opera Mini butulci ba. Kamfanin Opera na ƙasar Norway ya fito da ita a 2005, ya buɗe wa duniya ita a farkon 2006, lokacin da wayoyin hannunmu ƙananan Nokia ne masu Java. Mutane da yawa a Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram ta ƙofarta suka fara leƙa intanet. Har yau tana da farin jini a Najeriya, kuma kamfanin ya sha haɗa kai da MTN da Airtel wajen ba masu amfani da ita 'yar data kyauta. Bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, babu mai ganin laifin wanda ya riƙe duk abin da zai rage masa kashe kuɗi.

Sai dai a fahimci yadda take yin tsimin. A tsarinta mafi matse data, wanda za ka ga an rubuta masa Extreme a wurin saiti, wayarka ba ta zuwa shafin da ka nema. Manyan kwamfutocin kamfanin ne suke zuwa, su buɗe shafin a can, su bar JavaScript ɗinsa ya yi aiki na 'yan daƙiƙoƙi, su tsayar da shi, su matse abin da ya fito, su turo maka. Kamfanin yana cewa tsimin kan kai kashi 90 cikin ɗari, kuma a shafukan karatu za ka ga alamar haka a ma'aunin datarka. Amma kamar mai magana ta bakin tafinta ne: duk abin da ka faɗa sai ya bi ta wurin wani kafin ya isa, amsar ma sai ta biyo ta wurinsa. Tambayar hanya za ta yiwu a haka. Ciniki mai ja-in-ja, wanda ake mayar da magana nan take, ba zai yi daɗi ba.

Shi ya sa a wannan tsari akwatin rubutu mai ado ba ya aiki. Ko dai ya ƙi bayyana, ko ya bayyana ya ƙi karɓar harafi. Ajiyar da shafuka suke yi wa rubutunka a cikin waya don kada ya ɓace ita ma ba ta samuwa. Samfurin haruffan da mai shafi ya tanada, wato salon zanen haruffa, ba ya saukowa, sai dai a nuna maka da na wayarka. Fom mai matakai yakan sake loda kansa duk lokacin da ka taɓa wani abu, wani lokaci ya dawo da abin da ka cike, wani lokaci ya dawo wayam. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe, kuma a nan maganar ta zauna daidai.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Tun da kwamfutocin kamfanin ne suke buɗe shafin a madadinka, dole su ga abin da ke ciki kafin su matse. Kullen sirrin da ya kamata ya taso daga wayarka ya dire a banki ko makaranta kai tsaye, a tsakiya ake buɗe shi a sake kullewa. Ban ce kamfanin yana leƙen asirin kowa ba, kuma shi kansa bai ɓoye cewa haka tsarin yake ba. Abin da nake cewa shi ne lambar BVN, da NIN, da kalmar sirrin imel, da lambobin katin banki ba kayan da za a bi da su ta hannu na uku ba ne idan akwai hanyar kai tsaye.

Opera Mini tana da tsari na biyu mai suna High, wanda a cikinsa injin da ke cikin wayarka ne yake buɗe shafin, kamfanin kuma ya rage nauyin hotuna da makamantansu. A nan yawancin kayan rubutu suna aiki, amma tsimin ya ragu sosai. Wanda wayarsa ba ta da wurin ɗaukar burauza biyu, wannan ce mafitarsa: ya koyi sauya tsarin kafin ya fara cike fom, ya mayar idan ya gama. Abin da ban so a Opera Mini ta yanzu shi ne yawan labarai da tallace-tallacen da take turowa a shafin farko da saman waya. Ana iya kashe mafi yawansu a saiti, kuma ya kamata a kashe, don su ma data suke ci, hankali kuma suke ɗaukewa.

Chrome

Google ya fito da Chrome a Satumban 2008, ta iso Android a 2012, yau kuma ita ce aka fi amfani da ita a duniya nesa ba kusa ba. Ƙarfinta ga mai rubutu daga wannan rinjayen yake. Duk wanda ya gina shafin rajista ko akwatin rubutu, da Chrome yake fara gwadawa, wasu ma daga ita ba sa ƙara gwada komai. Saboda haka idan aikin na gaggawa ne, ranar rufe rajista ta matso, kuɗi sun riga sun fita, Chrome ce ta fi kusa da tabbas. Ba don ta fi sauran nagarta ta kowace fuska ba, sai don da awonta aka ɗinka rigar yawancin shafuka.

Kayan Google kuma a cikinta suka fi sakewa. A kwamfuta, in kana son ci gaba da rubutu a Google Docs bayan sabis ya ɗauke, sai da Chrome ko Edge. Fassarar shafi tana nan a jikinta, kuma Hausa tana cikin harsunan Google Translate tun Disamban 2013. Fassarar ba ta kai a dogara da ita a rubutun da za a sa wa hannu ba, amma tana taimaka wa ɗan Najeriya ya gane shafin Faransanci, ɗan Nijar kuma ya gane na Ingilishi.

Nauyinta shi ne aibinta. A waya mai ram (ma'ajiyar da waya ke riƙe aikin da take kai) gigabait 2, irin masu tsarin Android Go da suka cika kasuwanninmu, Chrome tana cin wuri sosai. Idan ka fita daga cikinta don kwafo lambar da aka turo maka ta saƙo, ko don ɗaukar hoton takarda, Android yakan rufe ta a ɓoye don ya sama wa kyamara wuri. Ka dawo ka tarar shafin yana lodawa daga farko. Wannan shi ne sanadin mafi yawan rubutun da ke ɓacewa, kuma ba Chrome kaɗai yake samu ba, sai dai ya fi samun mai nauyi. Rufe sauran shafukan da ke buɗe kafin a fara, da ɗaukar hotunan takardu tun da wuri a ajiye, suna rage shi ƙwarai.

Da can Chrome tana da nata tsarin rage cin data a Android, amma Google ya cire shi a Maris 2022 da fitowar Chrome 100. Kuma a waya ba ta karɓar ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza, don haka ba ka da hanyar tare tallace-tallace a cikinta. Kamfanin da talla ce babbar hanyar samun kuɗinsa ba zai yi gaggawar ba ka abin toshe ta ba. Duk bidiyon tallan da ya buɗe kansa a gefen shafi, daga datarka aka biya.

Sai batun tsufa. Chrome 109, ta Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7 da 8.1. A waya ma kamfanin yana ɗaga ƙaramin matakin Android da yake tallafa wa lokaci zuwa lokaci. Burauzar ba ta mutuwa a ranar, tana ci gaba da buɗewa, amma ta daina samun gyara. A hankali sababbin akwatunan rubutu su fara ƙin ta, ɓarayin intanet kuma su sami ƙofar da ba mai rufewa.

Firefox

Firefox ta girmi Chrome, don a Nuwamban 2004 ta fito, kuma gidauniyar Mozilla ce a bayanta. Ina da rauni a kanta, ba zan ɓoye ba, saboda in ta faɗi, kamfanoni biyu ne kawai za su rage suna yanke wa duniya yadda shafi zai kasance. Amma ba don tausayi nake ba da shawararta ba. Tana da abubuwa na zahiri da mai rubutu a ƙasashenmu zai amfana da su.

Babba a ciki shi ne a Android tana karɓar ƙananan manhajojin nan, har da uBlock Origin mai tare talla da masu bin sawun abin da kake yi a intanet. Tun da aka sake gina ta a 2020 take da shi, a Disamban 2023 kuma aka buɗe ƙofar ga ɗaruruwan irinsa. Wannan wani nau'in tsimin data ne da bai taɓa lafiyar shafin ba: an hana kayan banza saukowa, an bar akwatin rubutu yana aiki a cikin wayarka, kullen sirri kuma yana nan daga kai har inda ka nufa. Ba zai kai tsimin Opera Mini ba, amma ga wanda yake karatu da rubutu a zama ɗaya, ban san abin da ya fi shi daidaito ba. Abin lura ɗaya: wani lokaci mai tare tallan yakan tare abin da ba talla ba, musamman a shafin biyan kuɗi. In maɓalli ya ƙi aiki, a kashe shi a wannan shafin kawai a sake gwadawa.

Tana kuma daɗewa da tsofaffin na'urori. Lokacin da Chrome ta bar Windows 7, Mozilla ta ci gaba da aika gyaran tsaro ga Firefox 115 ta dogon zango. Ga shagunan buga takardu da ofisoshin da har yanzu tsofaffin kwamfutoci suke aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A waya ma an ga makamancin haka. Tsofaffin Android da ba su kai 7.1.1 ba sun daina gane takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda shafuka masu ɗimbin yawa suke amfani da ita, sai su riƙa nuna gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne. Firefox da nata kundin shaidun take tafe, ba ta dogara da na wayar ba, shi ya sa shafin da ya ƙi buɗewa a wata burauzar yakan buɗe a cikinta.

Inda take kasawa shi ne inda Chrome take da ƙarfi. Za ka ci karo da shafin da maginansa ba su taɓa buɗe shi a Firefox ba: kalandar zaɓen ranar haihuwa ta karkace, ko wurin ɗaukar hoton fuska ya ƙi kunna kyamara. Ba kullum ba ne, amma yana faruwa, kuma yakan faru a ranar da ba a so. Fassararta, wadda take yi a cikin na'ura ba tare da aika rubutunka ko'ina ba, tunani ne mai kyau, sai dai harsunanta ba su kai na Google yawa ba. A ƙaramar waya kuma ba ta fi Chrome sauƙi yadda wasu ke zato ba.

Sauran, a gurguje

Samsung Internet da Edge da Brave duk 'yan gidan Blink ne, abin da ya yi aiki a Chrome zai yi a cikinsu kusan koyaushe. Brave tana zuwa da abin tare talla a jikinta, don haka ita ce amsar wanda yake son injin Chrome ba tare da talla ba. Edge tana cikin kowace Windows ta yanzu, ba sai an sauke komai ba, kuma ita ta gaji Internet Explorer da Microsoft ya yi wa ritaya a ranar 15 ga Yunin 2022. Phoenix, wadda ake tararwa a wayoyin Tecno da Infinix da itel da yawa, da UC Browser ta kamfanin Alibaba, sun fi karkata ga sauke bidiyo da turo labarai. Ba su nake miƙa wa aikin da ya shafi takarduna ba.

Wadda ta fi cutar da mutane ba tare da sun sani ba ita ce burauzar da ba ta da suna, wato wadda ke buɗewa a cikin Facebook ko Instagram idan ka danna mahaɗi. Ba ta san kalmomin sirrin da ka ajiye a Chrome ba, takan yi gardama wajen ɗora fayil, kuma da ka koma baya sau ɗaya komai ya tafi. In mahaɗin na fom ne, a danna ɗigo ukun da ke sama a zaɓi buɗewa a burauza ta ainihi tun kafin a rubuta harafi ɗaya.

Mai iPhone kuwa zaɓinsa bai kai yadda yake gani ba. Dokar Apple ta sa kowace burauza a iPhone, ko Chrome ce ko Firefox, da injin WebKit take aiki. A 2024 an sassauta wannan a ƙasashen Tarayyar Turai, amma sassaucin bai shafe mu ba. Idan akwatin rubutu ya ƙi Safari, sauya burauza a wayar ba zai cika yin magani ba, sai dai a nemi kwamfuta. Kuma tun 2020 Safari takan share abin da shafi ya ajiye a cikin waya idan aka yi kwana bakwai ana amfani da ita ba a koma shafin ba. An yi haka don hana bin sawu, amma yana iya tafiya da rubutun da ka bari rabi kana nufin dawowa.

Haruffa masu ƙugiya

A nan ne ake ɗora wa burauza laifin da ba nata ba. Ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y, duk suna da gurbinsu a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa. Chrome da Firefox da Safari duk sun san su. Abu biyu ne ke kawo matsala, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko shigar da harafin, wannan kuwa aikin kibod ne. Gboard yana da Hausa, SwiftKey na Microsoft ma yana da ita, Keyman na ƙungiyar SIL kuma yana aiki a waya da kwamfuta. Windows ma tana da tsarin kibod na Hausa a cikin saitin harsuna. Sanya Hausa a kibod yana da wata fa'ida bayan ƙugiya: yana hana gyaran kai-tsaye na Ingilishi ko Faransanci ya riƙa mayar da kalmominka wasu abubuwa daban. A akwatin rubutu mai ado, musamman a Android, wannan gyaran da hasashen kalma sukan yi karo da manhajar shafin, ka ga kalma ta maimaita kanta ko alamar rubutu ta yi tsalle zuwa wani layi. In haka ta faru, kashe hasashen kalma ya fi sauya burauza saurin magani.

Na biyu nuna harafin, wannan kuma aikin samfurin haruffa ne. Idan samfurin da mai shafi ya zaɓa ba shi da ƙ, burauza takan aro daga wani samfurin, shi ya sa za ka ga harafin ya fi 'yan'uwansa girma ko ya karkace a tsakiyar kalma. In babu inda za ta aro, sai ta sa akwati. Wayoyin Android na yanzu suna ɗauke da samfuran da suka wadatar, don haka akwatin ya fi fitowa a tsofaffin na'urori.

Akwai tsohuwar matsala da ta fi waɗannan ci mini rai, domin tana lalata aikin manyan marubuta. Kafin Unicode ya yaɗu, masu buga littattafai da jaridu da ɗaliban jami'a sun dogara da samfura irin su Rabi'at da Abdalla. Dabarar da aka yi a cikinsu ita ce a ɗauki gurbin wani harafi ko wata alama a zana mai ƙugiya a kai. A takarda komai daidai yake fita. Amma da ka kwafo rubutun daga Word ka zuba a burauza, sai asalin abin ya bayyana: ƙasa ta koma qasa ko }asa, ɗaya ta koma xaya ko ]aya. Babu burauzar da za ta gyara wannan, don a wurinta abin da aka ba ta ta nuna. Sai an bi rubutun da umarnin nema-da-sauyawa an mayar da kowace alama harafinta na Unicode kafin a ɗora. Wahalar ta yini ɗaya ce, amfanin kuwa shi ne mai neman kalmar a intanet zai same ta, manhajar karanta wa makafi rubutu ma za ta gane ta.

Masu ajami nasu ya ɗan fi wuya. Injunan uku duk suna iya rubutun dama zuwa hagu, amma wasu haruffan da Hausa ke buƙata sai a 2020 aka ƙara su a Unicode 13, don haka tsohuwar waya ba za ta nuna su ba. SIL ta yi samfurin Alkalami bisa salon rubutun Kano, da Harmattan na yankin Afirka ta Yamma. Shafi zai iya turo wa mai karatu waɗannan samfura, Chrome da Firefox da Safari su karɓa. Opera Mini a tsarin Extreme ba za ta karɓa ba.

To wa zai ɗauki wace?

Mai ƙaramar waya da ƙaramar data ya riƙe biyu: Opera Mini don karatu, Chrome da ta zo da wayar don duk abin da ya ƙunshi fom, kuɗi, ko kalmar sirri. Mai waya matsakaiciya da yake rubutu kullum, ɗan jarida ne ko malami ko mai gyaran Wikipedia, na fi son masa Firefox da uBlock Origin a matsayin ta yau da kullum, ya bar Chrome a gefe don shafin da ya yi gardama. Wanda rayuwar aikinsa ke cikin Gmail da Google Docs ya zauna a Chrome ko Edge, babu ribar wahalar da kai. Mai tsohuwar kwamfuta da ba ta wuce Windows 7 ba, Firefox ce ta fi daɗewa tana kula da shi, ko da yake ita ma ba har abada ba. Mai iPhone ya zauna a Safari, ya sa ƙoƙarinsa wajen samun kibod mai Hausa.

Kowace ka ɗauka, doguwar magana ba a fara rubuta ta a cikin burauza. A rubuta a manhajar ajiye rubutu ta waya ko a Word, a adana, sannan a kwafa a zuba. In wurin yana ba da zaɓi tsakanin akwati mai ado da akwati zalla, kamar yadda Wikipedia take bayarwa, kuma sabis yana rawa, a ɗauki zalla. Idan adon Word ya biyo rubutun ya hargitsa shafin, a kwamfuta danna Ctrl da Shift da V tare yana zuba haruffan kaɗai a Chrome da Firefox da Edge.

Wanda kuma zai yi aikin a shagon intanet ko kwamfutar ofis da hannaye da yawa ke taɓawa, ya buɗe tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, Firefox kuma Private. In burauza ta tambaye shi ko ta ajiye kalmar sirri, ya ce a'a. Sai dai ya tuna tagar sirri ba ta riƙe komai bayan an rufe ta, har da rubutun da bai aika ba, kuma fayilolin da ya sauke suna nan a kwamfutar. Kafin ya tashi ya tura wa kansa takardar shaidar rajistar ta imel, ya goge hoton fasfo da takardun da ya ɗora daga babban fayil ɗin saukewa da kwandon shara, sannan ya rufe tagar da hannunsa.